Dala 100 da Dala 45: Tarihin Gardamar Martin D-28 da Gibson J-45

Duk wanda ya shiga babban kantin kayan kiɗa a Nashville ko Landan yana neman jitar katako wadda za ta zauna da shi har tsufa, da wuya ya fito ba a ɗora masa guda biyu a cinya ba: Martin D-28 da Gibson J-45. Farashinsu a yau kusan kai ɗaya ne, kowacce tana wajen dala 3,000. Masu kanti kan ce zaɓin na kunne ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai a shekarar 1942, lokacin da J-45 ta fara fitowa, babu mai ajiye su kafaɗa da kafaɗa. D-28 ta kai dala 100 tun tsakiyar shekarun 1930, ita kuwa J-45 kuɗinta na rubuce a sunanta, dala 45. A tsarin kamfanin Martin harafi girman jiki yake nunawa, lamba kuma darajar katako da ado. Gibson bai wahalar da kansa da wannan ba, farashi kawai ya liƙa.

Yadda kayan mai hali da na mai ƙaramin ƙarfi suka zo suka zama tsara labari ne da ya ratsa rediyo da yaƙi da dazuzzukan nahiyoyi uku.

An haifi Christian Frederick Martin a 1796 a Markneukirchen, wani ƙaramin gari na yankin Saxony a Jamus da ya shahara da ƙera goge irin na Turawa. Gidansu kafintoci ne, suna kuma yin jita. A wancan zamani kowace sana'a tana da ƙungiyarta da iyakarta, sai ƙungiyar masu ƙera goge ta kai ƙara gaban hukuma cewa kafinta ba shi da hurumin taɓa kayan kiɗa, akwati da kujera ne aikinsa. An daɗe ana tafka shari'a. Kafintoci ba su rasa 'yancinsu ba, amma Martin ya riga ya gaji. A 1833 ya kwashe iyalinsa zuwa New York, a 1839 kuma ya koma Nazareth ta jihar Pennsylvania, inda Jamusawa 'yan'uwansa suka yi yawa. Kamfanin yana nan a garin har gobe, mallakar zuriyarsa.

Abin da ya bar wa duniya yana cikin cikin jita, inda ido ba ya gani. Allon fuskar jita, wanda shi ne ke girgiza ya ba da sauti, kaurinsa wajen milimita uku ne kacal. Don kada ya lanƙwashe, ana manna masa 'yan sanduna ta ƙarƙashi, kamar yadda azara ke riƙe rufin soro. A shekarun 1840 masana'antar Martin ta fara gitta manyan sanduna biyu su zama kamar harafin X. A lokacin tsirkiyar hanjin dabba ake ɗaurawa, wadda ba ta da wani jan kirki, don haka amfanin dabarar bai fito sosai ba. Sai bayan shekara tamanin, da tsirkiyar ƙarfe ta zo da jan da ya haura kilo 70, aka gane cewa wannan gicciyen ne ya fi iya ɗaukar nauyin ba tare da ya kashe muryar allon ba. Matsalar maƙerin jita ke nan tun daga ranar: idan ya ƙarfafa allo da yawa sauti ya mutu, idan ya sassauta allo ya kumbura ya tsage. Kusan duk sauyin da D-28 da J-45 suka gani a rayuwarsu daga wannan ja-in-ja ya fito.

A farkon ƙarni na 20 jita kayan falo ce a Amurka, ƙarama mai sanyin murya. A dandalin rawa banjo ke mulki, domin fata ce a fuskarsa kuma ƙararsa na huda hayaniya. Kiɗan tsibirin Hawaii, da ya mamaye ƙasar bayan baje kolin San Francisco na 1915, ya sa mutane sun saba da tsirkiyar ƙarfe, amma ƙarar ba ta isa ba tukuna. A 1916 kamfanin Oliver Ditson na Boston, mai buga littattafan kiɗa da sayar da kayansa, ya sa Martin ya ƙera masa wata jita mai faɗin ƙugu da zurfin ciki wadda ba a saba gani ba. Aka raɗa mata sunan Dreadnought, jirgin yaƙin ruwan Birtaniya na 1906 da ya mayar da sauran jirage tsohon yayi. Sunan ya fi cinikin girma. Jitar ta yi kwantai, kaɗan aka sayar cikin shekara goma sha biyar.

Da Ditson ya fita daga harkar, Martin ya fara yin ta da sunansa a 1931, iri biyu. Ɗaya bayanta da gefenta na mahogani ne, ɗan'uwan maɗaci da ke fitowa a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, ita ce ta zama D-18. Ɗayar an yi ta da katakon wardi na Burazil, wanda ya sami sunansa daga ƙamshin da yake yi idan an yanka shi, ita ce ta zama D-28. Gyara ɗaya ya rage. A 1929 wani makaɗin banjo na Atlanta, Perry Bechtel, ya roƙi kamfanin ya yi masa jita mai dogon wuya, aka kuwa yi masa wadda gaɓa 14 suka fito daga jiki maimakon 12, domin yatsunsa sun saba yawo a dogon wuyan banjo. A 1934 aka yi wa Dreadnought wannan gyara. Don a sami wurin gaɓa biyun sai aka rage saman jikin, kafaɗunta suka zama a miƙe kamar na akwati. Wannan siffa ce yau take zuwa a ran yawancin mutane idan an ce jita, ko da kuwa ta dala 50 ce da aka yi a Sin.

Wannan karon kasuwa ta buɗe, kuma rediyo ne ya buɗe ta. Tashoshi irin su WLS ta Chicago da WSM ta Nashville suna watsa kiɗan karkara kai tsaye, makaɗa huɗu ko biyar a kewaye da makirufo ɗaya. Wanda kayansa ba su da ƙara ya ɓata a taron. Dreadnought tana da kaurin amo a ƙasa wanda ke riƙe ƙungiya gaba ɗaya, kuma mawaƙi irin Gene Autry, wanda aka yi wa ta farko mai adon lu'ulu'un kifi, D-45, a 1933, ya sa kowane saurayin ƙauye yana mafarkinta.

Gibson ta wata ƙofa ya shigo. Orville Gibson mai sassaƙa mandolin ne a Kalamazoo ta jihar Michigan, yana fafe fuska da baya daga katako mai kauri kamar yadda ake yi wa goge. A 1902 wasu 'yan kasuwar garin su biyar suka kafa kamfani da sunansa. Shekaru da yawa kamfanin yana kallon jita mai shimfiɗaɗɗiyar fuska a matsayin aikin masu arha, sai 1926 ya fara yin ta sosai. Amma da ya ga abin da Martin ke yi, a 1934 ya fitar da tasa babbar, Jumbo, mai zagayayyun kafaɗu, a dala 60. Lokacin ƙasar na tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929, kuma dala 60 kuɗi ne. A 1936 aka kwashe adon aka mai da ita J-35, a dala 35. J-45 ta 1942 ita ce magajiyarta.

Shekarar haihuwarta ita ce mabuɗin halinta. Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Disambar 1941. Gwamnati ta taƙaita ƙarfen da za a sa a kayan kiɗa, masana'antar Gibson da ke titin Parsons ta koma yin kayan soja, ƙwararrun ma'aikata maza kuma ko sun tafi fagen fama ko an mayar da su ɓangaren kwangilar yaƙi. Shekaru masu yawa labarin da kamfanin ke bayarwa shi ne cewa aikin jita ya kusan tsayawa, in ban da abin da wasu tsofaffin masassaƙa suka yi. Wani malamin shari'a kuma mai son jita, John Thomas, ya ci karo da hoton 1944 na mata kimanin 70 a tsaye gaban masana'antar, ya bi diddigi. Littattafan jigilar kaya na kamfanin sun nuna an fitar da kusan 25,000 a shekarun yaƙin. Ya samo goma sha biyu daga cikin matan da ransu, ya ji daga bakinsu, ya kuma wallafa abin da ya gano a littafinsa Kalamazoo Gals a 2013. Har hoton asibiti mai ratsa jiki ya sa aka ɗauka na wasu daga cikin kayan, hujjarsa kuwa ita ce aikin matan ya fi na kafin yaƙi da na bayansa laushin hannu. Ko an yarda da wannan hukunci ko ba a yarda ba, J-45 mafi tsada a kasuwar tsofaffin kaya a yau su ne na waɗannan shekaru, masu ɗan zanen tuta a kai, waɗanda 'yan mata sababbin shiga sana'a suka haɗa.

Sun haɗa su ne da abin da ya samu. Idan mahogani ya yanke a yi baya da wani katako. Idan babu ƙarfen da ake zurawa cikin wuya don kada ya lanƙwashe, sai a yi wuyan ya yi kauri kamar taɓarya. Fentin nan mai duhu a gefe da haske a tsakiya, wanda yau shi ne kwalliyar J-45, yana da wani aiki na daban: yana rufe aibin katako. Mai son fuska fara ba fenti sai ya sayi J-50, domin ita sai allo mara tabo.

To mene ne kunne ke ji? Bambancin farko na tsawo ne. Tsirkiyar D-28 inci 25.4 ce, ta J-45 inci 24.75. Ratar ba ta kai inci ɗaya ba, amma doguwar tsirkiya sai an ƙara ɗaure ta kafin ta kai murya ɗaya da gajeriya, don haka ta Martin ta fi tauri a yatsa, ta fi ƙara, ta fi jure duka. Na biyu katako ne. Katakon wardi yana da nauyi da tauri, yana ba da amo mai zurfi a ƙasa da zaƙi a sama, sautin kuma yana daɗewa yana yawo. Mahogani ya fi sauƙi, ƙarfinsa a tsakiyar murya yake, kuma sautinsa na fita ya mutu da wuri. A kan takarda wannan kamar naƙasa ce. A ɗakin ɗaukar faifai kuwa alheri ce, domin kiɗan da ya yi sauri ya kauce yana bar wa muryar mawaƙi fili, kuma injiniya ba ya fama da rugugin da ke cika makirufo.

Haka rabon ya kasance. Masu kiɗan bulugiras, salon da Bill Monroe ya kafa kuma ya cika a 1945 da zuwan Lester Flatt da Earl Scruggs ƙungiyarsa, sun riƙe Martin kamar farilla, saboda mai jita a nan yana kokawa ne da banjo da goge da mandolin. Hank Williams ya riƙe D-28 ta 1941, wadda yanzu take hannun Neil Young. Mawaƙan da ke tsayawa su kaɗai da muryarsu, da waɗanda aljihunsu bai kai ba, suka nufi Gibson: Buddy Holly yana da J-45 ta zamanin yaƙi, Bob Dylan ya ɗauki faifansa na farko da J-50. Laƙabin da ya bi J-45 shi ne dokin aiki.

Amma rabon bai taɓa zama doka ba. A Fabrairun 1968 'yan ƙungiyar Beatles suka tafi Rishikesh a Indiya, wurin Maharishi Mahesh Yogi, ba tare da kayan lantarki ba. John Lennon da Paul McCartney kowanne da D-28 tasa, mawaƙi Donovan kuma da J-45. A kan ta Gibson Donovan ya koya wa Lennon wani salon tsinkar tsirkiya da yatsu, Lennon ya ɗauke shi zuwa ta Martin, daga nan aka sami Dear Prudence da Julia. McCartney ma da D-28 ya ɗauki Blackbird, waƙar da babu abin da ya kai ta sanyi, a kan jitar da aka ƙera don ta danne banjo.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka sunayen biyu abu biyu ne tsayayyu. Ba haka ba ne, kuma nan ne masu saye suka fi shan ruɗi. Tun a 1938 Martin ya matsar da gicciyen X baya kaɗan don ƙarfi. A ƙarshen 1944 ya daina fafe sandunan ciki, domin makaɗa suna ɗaura tsirkiya masu kauri, fuskoki na kumbura, ana dawo wa kamfani da su gyara. A tsakiyar shekarun 1940 sifurus na tsaunukan Adirondack, wanda ake yin fuska da shi, ya ba da wuri ga na Sitka daga gaɓar yamma. A 1947 adon nan mai kama da ƙayar kifi da ke zagaye bakin D-28 ya ɓace, don daga Jamus ake kawo shi kuma yaƙi ya yanke hanyar. Da guguwar waƙoƙin gargajiya ta taso a ƙarshen shekarun 1950, masu oda suka yi layi na shekaru, aka gina sabuwar masana'anta a 1964, katakon Burazil ya fara wuya. A 1965 aka ƙirƙiro D-35 mai baya gida uku don a ci moriyar ƙananan yanka. A ƙarshen 1969 aka koma katakon wardi na Indiya gaba ɗaya.

Na Gibson ya fi muni. A 1969 kamfanin ya faɗa hannun wasu masu jari da suka yi arzikinsu da giya da siminti a Ekwado, waɗanda aka sani daga baya da Norlin. A daidai wannan lokaci J-45 ta rasa zagayayyun kafaɗunta, aka miƙe su irin na Martin, aka kuma tsawaita tsirkiya. A 1971 aka ƙara mata gicciye na biyu a ciki don a rage masu dawo da kaya gyara. An rage su kuwa, an kuma rage sautin. A 1982 aka daina yin ta. Wannan shekarar ce Martin ma ya taɓa ƙasa: daga jita 22,637 a 1971 ya sauko zuwa 3,153. Kiɗan disko da na'urorin lantarki sun janye matasa, kamfanonin Japan irin su Yamaha kuma suna sayar da kwafi mai kyau a farashi kaɗan. Masana'antar Kalamazoo ta rufe a 1984.

Makaɗa ne suka fara lura cewa tsofaffin sun fi sababbin. George Gruhn ya buɗe kantin tsofaffin kayan kiɗa a Nashville a 1970, kuma sannu a hankali jitar da ake kira kwance ta koma kayan tarihi. Abin dariya shi ne D-28 da aka fi girmamawa a duniyar bulugiras, ta 1935 wadda Clarence White ya riƙe, Tony Rice kuma ya saya a 1975, ba ta ma kama da yadda ta bar Nazareth: an faɗaɗa ramin fuskarta, an sauya allon wuyanta. Kamfanonin dai sun ji saƙon. A 1976 Martin ya fitar da HD-28, ya dawo da ƙayar kifi da fafaffun sanduna. Sababbin masu Gibson, da suka saye shi a 1986, suka buɗe masana'antar jitar katako a Bozeman ta jihar Montana a 1989, suka koma auna J-45 na da suna kwaikwayo. A 2017 Martin ya mayar da gicciyen D-28 gaba, kusa da inda yake kafin 1938. Har gasa allon fuska ake yi yanzu a tanda mara iska don ya yi halin wanda ya shekara saba'in. A nan farashin biyun ya haɗu, domin abin da ake sayarwa ya zama iri ɗaya: ƙwarewar hannu da kamannin wani zamani da ya wuce. Saboda haka tambayar D-28 ko J-45 rabin tambaya ce, sauran rabin shi ne ta wace shekara.

Abu ɗaya ne ba ya dawowa. Itacen wardi na Burazil, wanda dajin gaɓar tekun Atilantika ke bayarwa, an sa shi a jerin farko na yarjejeniyar CITES a 1992, jerin da ya haramta cinikin sabon yanka tsakanin ƙasashe. A 2009 da 2011 jami'an gwamnatin Amurka suka kai samame masana'antun Gibson a jihar Tennessee kan katakon da aka shigo da shi daga Madagaska da Indiya, a 2012 kamfanin ya biya tarar dala 300,000. A Janairun 2017 aka sa dukan dangin itacen wardi ƙarƙashin takardar izini. Masu jita ba su ne manyan masu laifi ba a wannan karon, kasuwar kujeru da gadajen alfarma ta Sin ce ke cinye dazuzzuka, kuma taron da ya yanke hukuncin a Johannesburg shi ne ya sa madobiya a jerin, itacen da manyan motoci suka yi ta kwasowa daga Taraba zuwa tashar jiragen ruwan Legas. Cinikin jita tsakanin ƙasashe ya sarƙe kusan shekara uku, sai a ƙarshen 2019 aka cire kayan kiɗa daga dokar. Na Burazil bai shiga sassaucin ba. Mai D-28 ta kafin 1969 da zai ƙetare iyaka da ita har yanzu sai da takarda, mai J-45 ta mahogani kuma ya duba allon wuyanta da jakin da tsirkiya ke hawa, don a tsofaffin su ma na Burazil ne.

Bayan kwastan akwai iska. A Nazareth ana riƙe damshin masana'anta tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, kuma a wannan yanayi ake manne kowace sanda. A Kano ko Damagaram, a tsakiyar hunturu, damshin kan sauka ƙasa da kashi 20. Allon milimita uku da ke ɗauke da jan kilo 70 yana ƙanƙancewa, yana iya tsagewa daga jaki zuwa gindi cikin 'yan makonni, na Martin ne ko na Gibson. Masu irin waɗannan kaya a busassun ƙasashe a cikin akwatinsu suke ajiye su, a rufe, da ɗan jiƙaƙƙen soso a gefe.